Kaset ɗin Masu Malfa

Al Sabkha, Dubai
Farkon watan Rajab

Zuwa ga Yayata Murja,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Malam Bashar da yara duka. Yaya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Ki faɗa wa 'yarki Nana Firdausi abayar da ta dame ni da ita tana cikin kayan Hajiya Wasila, wadda za ta miƙa miki wannan takarda. Mu nan lafiya lau, maiɗakina Ramlat tana gaishe ki. Aikin kago na lodin kaya ne dai ba ya ƙarewa, kullum ina tsakanin ofis da tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali.

Na san za ki yi mamakin takarda a wannan zamani. Ke kika jawo. Ranar Juma'a da na kira ki, ina ambaton kaset ɗin Inna kika ce tuwonki zai kama, kika kashe waya. Yaya, wane tuwo ake tuƙawa da hantsi? Shi ya sa na koma biro, tunda takarda dai ba a kashe ta.

Ina da wani aboki Sulemana, mutumin zangon Kumasi, mai ɗan shago a Al Buteen inda yake gyaran tsofaffin rediyo da rikoda. Larabawa masu son kayan da ne ke kawo masa aiki. Ran nan na je wurinsa, ina zaune ina shan shayi, sai na ji wata ƙara daga ƙuryar shagon, ƙiii, ƙurrr, kamar gyare ya shiga gwangwani. Wallahi sai da kofin ya kusa suɓuce min. Na leƙa, sai ga kwamfutarmu. Ba tamu ta gida ba, wadda Baturen masaƙa ya bar wa Baba da zai tafi ƙasarsu, amma uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ga allon maɓallan, ga rikoda a gefe, ga wayar da ake soka wa talabijin. Kuma abin da take lodawa daga kaset, Masu Malfa ne.

Har yau ban damu da sunan Turancin wasan ba, wanda muka raɗa masa ya ishe ni. Komai yana nan yadda muka bar shi. Titin nan mai dogayen benaye, tagogi suna buɗewa, 'yan ta'adda masu malfa da doguwar kwat suna leƙowa da bindiga. In an harbi mutum malfarsa ce ke fara tashi sama kafin shi ya faɗi. Ga Ɗan Kumatu da ke ɓuya bayan mota. Ga tsohuwa mai kwando da ke ratsa titi ana tsakiyar harbi, ba ruwanta, wadda in ka taɓa ta an ɗauke maka rai ɗaya. Harsashi shida, sai ka jira a sake ɗurawa, kana kallon mutum yana auna ka.

Amma ga abin da zai ba ki haushi. Ashe wasan nan mai kala ne. Talabijin ɗinmu ce baƙi da fari. Motar Ɗan Kumatu ruwan ɗorawa ce, kwat ɗin mutanen shuɗi, tsohuwar kuwa jan zane take sanye da shi. Na tsaya baki buɗe har Sulemana ya tambaye ni ko lafiya.

Ya ce min duk wasan nan, da titinsa da kiɗansa da mutanensa, bai kai nauyin hoto ɗaya na wayata ba. Na yi ta juya maganar nan a raina. Ban san waɗanda suka ƙirƙira shi ba, amma na sara musu. Da ɗigo-ɗigo 'yan kaɗan suka zana mutum, kuma kana gani ka san wannan mugu ne, wancan matsoraci ne. Har ruwan sama suka sa a mataki na uku, na bakin teku, inda ake ɓuya bayan akwatuna. Wani lokaci in na tsaya a Jebel Ali tsakanin kwantena, sai in ga kamar wata malfa za ta leƙo.

Muka zauna, ni a tuƙi kamar da, ina kai ɗan kuros ɗin saitin bindiga inda ya dace, shi yana danna dogon maɓalli na harbi. Ya iya, ba laifi, amma mai ɓarnar harsashi ne, hannunsa bai kama ƙafar naki ba. Da kyar muka ci mataki na uku. Allo ya nuna a kunna kaset don loda na huɗu, sai na riƙe hannun Sulemana na ce kada ya danna. Dole na ba shi labari, ga kuma yadda na faɗa masa, ki gyara min in na yi kuskure.

Na ce Inna ba ta rubutu, don haka in za ta aika wa yayanta Kawu Ɗalhatu saƙo a Makka, kaset take ɗauka da muryarta ta ba alhazai. Wata rana muna makaranta ta nemi kaset ta rasa, ta ga namu a cikin rikoda, daidai inda muka tsaya jiya bayan mun ci na uku karon farko aka ɗauke wuta. Ta kunna ta ji ƙiii ƙurrr, ta ce ai wannan ya lalace, ta danna jan maɓalli ta hau magana. Mun dawo muka tarar da ita, muka ƙwace da kuka, saƙon bai taɓa tafiya ba. Daga ranar, duk sanda muka ci na uku muka kunna, maimakon mataki na huɗu sai mu ji Inna tana sallama. Sulemana ya yi dariya har da hawaye.

Ni ban yi dariya ba, Yaya. Da allon ya nuna a kunna, jikina gaba ɗaya sallamar Inna yake jira. Kalmomin suna nan a kaina, "Salamu alaikum, Yaya Ɗalhatu, ni ce Dije," amma muryar babu. Na yi ta ƙoƙari a mota, a masallaci, a kan shimfiɗa. Taki ke zuwa, ko ta Ramlat. Na manta muryar Inna, kuma abin ya tsorata ni. Ta rasu kafin wayoyin nan su zo, ba ta bar murya a ko'ina ba sai cikin kaset ɗin da ke hannunki.

Ki ba Hajiya Wasila shi in za ta dawo. Sulemana yana da kayan da zai juye shi a kwamfuta, mu samu kowa da nasa.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya jiƙan Inna da Baba.

Ƙaninki,
Halliru

Al Sabkha, Dubai
Ƙarshen watan Rajab

Yaya Murja,

Assalamu alaikum. Ina fata kun wuni lafiya, ya jikin Malam Bashar da na ji an ce mura ta kama shi? Allah ya ƙara sauƙi. Hajiya Wasila ta iso lafiya, ta kawo kilishi da kuka da daddawa, mun gode ƙwarai. Na zazzage jakar har ƙasa ina neman kaset, sai ta ce in daina wahalar da kaina, saƙon baki kika ba ta. Ta faɗa min a tsakiyar ofis, gaban mutane, har da kwaikwayon yadda kika murguɗa baki.

Na ji dalilinki na farko, kuma ban raina shi ba. Kin ce shekara talatin da ɗoriya yana cikin kwallar Inna, naɗe a ɗankwalinta, kuma muddin ba a kunna ba kin san tana ciki, in aka kunna rikoda ta tauna shi, shi ke nan. Ba zan yi miki ƙarya in ce ba zai faru ba. Na tambayi Sulemana, ya ce sai ya gani da idonsa. Amma ya ce zaren kaset yana mutuwa ko an kunna ko ba a kunna ba, zafin Kano ma kaɗai ya ishe shi.

Dalili na biyu ne ya hana ni sukuni. Wai kin ce ni ke da abin ji a ciki, ni ne ɗan lelen Inna, ke ko sunanki ba ta taɓa kamawa ba. Haba Yaya. Ke da kanki kin san kunyar 'yar fari ce, haka iyayenmu suka taso. "Ke" take ce miki, in tana maganarki da wani ta ce "babbar". Amma ba zan ce bai yi miki ciwo ba, domin ina wurin. Na tuna ranar da kika share mataki na biyu, na gidan caca, ba tare da an taɓa ki ko sau ɗaya ba. Yaran layinmu sun cika ɗaki suna tafi, Inna ta shigo ɗaukar faranti, ta shafa kaina ta ce "Sannu Auta," ta fice. Ni da aikina kawai danna hagu da dama. Kika tashi kika bar ɗakin, ranar ko abinci ba ki ci ba. Lokacin daɗi na ji, yanzu da na girma na gane abin da kika ji.

To bari ni in faɗa, tunda ni ba ruwana da kunyar fari. Ban taɓa ganin mai hannu irin naki ba. Kowa in taga ta buɗe dannawa yake yi, ke sai kin tsaya kin ga ko waye. Wasan nan ba na mai gaggawa ba ne, da gangan suka gina shi haka, su tura maka tsohuwa daidai lokacin da ranka ya ɓaci. Babu ajiyewa, babu ci gaba daga inda ka mutu. In ka faɗi sai ka mayar da kaset farko da biro, ka zauna jiran lodi, har Inna ta aike ni sayen daddawa in dawo bai gama ba. Yaran yanzu in ka ba su shi, jifa za su yi da shi. Mu kuwa shi ya koya mana zama wuri ɗaya. Sulemana ya harbi tsohuwar nan sau ba adadi, kullum sai ya ce "Massa," wato maigida a bakinsu na Kumasi, "ita ta shigo gabana."

Akwai kuma abin da na tuna. Mu fa ba mu taɓa jin saƙon nan har ƙarshe ba. Inna tana sallama muke danna tsayawa da haushi, mu mayar baya. Gaisuwar farko kaɗai muka sani. Ko ba komai a gaba sai zancen ruwan sama da ciwon bayan Baba, ni ina so in ji shi da bakinta.

Ba zan sake roƙo ba, kaset a hannunki Inna ta bar shi. Duk abin da kika yanke, ba zai taɓa zumuncinmu ba. Hajiya za ta sake zuwa sarin kayan azumi.

A gaida yara. Ramlat ta ce kukar ta yi daɗi.

Naki,
Halliru

Al Sabkha, Dubai
Tsakiyar watan Sha'aban

Yayata,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Wannan gajera ce, hotonta zan ɗauka in turo miki ta waya, don ba zan iya jiran matafiyi ba, kuma na san in na kira tuwo zai sake kamawa.

Ya iso. Hajiya Wasila ta ce a jakar hannunta ta riƙe shi tun daga Kano, ko banɗakin jirgi da shi ta shiga. Na buɗe gwangwanin da kika saka shi a ciki, na warware ɗankwalin Inna, na ga rubutunki na 'yar aji shida a jikin kaset ɗin, "Na Murja da Halliru, kada a taɓa." Na daɗe a zaune kafin na iya tashi. Na gode, Yaya. Na san abin da fitar da shi daga kwallar nan ya ci miki.

Sulemana ya kwance shi a gabana, ya canza masa gida, ya haska fitila a kan zaren. Labarin ba daɗi. Ruwan ƙasan nan da ke jikin zare, wanda shi ne ke riƙe murya, ya fara barewa. Ya taɓa gefe da auduga a hankali, sai ga shi a jikin audugar kamar garin lalle. Ya ce zai iya wucewa ta rikoda sau ɗaya, yana wucewa yana zubewa. In kwamfuta ta kama a wannan wucewar, mun samu. In kan rikodar ya toshe a tsakiya, abin da ya wuce ya wuce, ba za a sake ba. Ya ce min, "Massa, ni ba zan danna ba sai mai kaya ta ce halas."

Ni ma haka na ce. In kin ce a'a, zan naɗe shi yadda ya zo in dawo miki da shi, ba zan ji haushi ba. Ina jiran kalma ɗaya daga gare ki.

Halliru

Al Buteen, Dubai
Jajibirin azumi

Zuwa ga Yaya Murja,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi muku barka da shigowar wata mai alfarma, Allah ya sa muna cikin bayin da za a 'yanta. Ina fata ke da Malam da yara kuna lafiya. A shagon Sulemana nake rubuta wannan, a kan teburin gyaransa. Kin ce in kunna, kada in kira ki, in rubuto miki duk yadda ta kasance. To ga shi.

Zan fara da mai ɗacin. Kaset ɗin ya mutu, Yaya. Abin da kika ji tsoro shi ya faru. Da muka gama na ɗaga zaren a hasken ƙofa, wurare da yawa ana hango titi ta cikinsa. Ba zai ƙara magana ba har abada. Zan dawo miki da shi cikin ɗankwalinsa.

Amma kwamfuta ta kama. Tun daga sallama har ƙarshe, babu abin da ya tsere.

Da safe muka yi, kafin zafi ya taso. Sulemana ya rufe shago, ya kashe fanka, ya goge kan rikoda, ya naɗe zaren da biro a hankali har kusa da wurin. Ya yi bisimilla ya danna. Muka ji wutsiyar mataki na uku, ƙiii ƙurrr, sai ƙas, sai shiru, sai kaji suna kuka da wata tana daka a maƙwabta. Sannan Inna ta yi gyaran murya. Yaya, ashe muryarta siririya ce. Ni a raina na ɗauka mai kauri ce, ashe yarinya ce, ba ta kai shekarunmu na yanzu ba. Tana cewa "ni ce Dije" komai ya dawo min lokaci ɗaya, har ƙamshin man da take shafawa. Na yi kuka, ban ɓoye ba, Sulemana ya juya baya yana kallon allon kwamfuta.

Ta gaida Kawu da iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Ta yi zancen rufin ɗaki da ke yoyo, da ciwon bayan Baba kamar yadda na yi tsammani, ta roƙi zamzam da dabino. Daga nan ta shiga zancenmu. Na saurara sau da yawa don in rubuta miki daidai, ga abin da ta ce:

"Yaran nan kuwa ubansu ya kawo musu wani akwati, ana harbin mutane a talabijin. Ƙaramin sai ihu, ba abin da ya iya. Babbar ce gwana. Ni kan zauna bakin labule kamar ina tankaɗe, ina leƙensu. Akwai wata tsohuwa da ke fitowa da kwando, yaran unguwa duk harbe ta suke yi, ita ban taɓa ganin ta taɓa ta ba, ko da za a cinye ta. Yarinyar nan tana da nutsuwa da tausayi, Yaya, ni dai ina jin daɗinta."

Kin ji ko? Wai ba abin da na iya. Ni da ake shafa wa kai.

 Daga nan sai ta rage murya, kin san yadda take yi in ba ta so a ji daga tsakar gida. Ta ce:

"In ka shiga Harami ka yi mata addu'a. Kada ka ce 'yar Dije, masu suna Dije suna da yawa. Ka kama sunanta sosai. Murjanatu. Ka ji ko? Murjanatu."

Bayan wannan sai ƙarar ƙofar langa-langa, sai takun gudu, sai wani yaro mai muryar agwagwa yana ihu wai Inna kaset ɗinmu ne. Ni ne. Ana jin ki a baya kina cewa a cire a cire. Inna ta ce "Au, naku ne? To ai kuka yake yi," ta fashe da dariya, a tsakiyar dariyar aka kashe.

Saƙon bai isa wurin Kawu ba, shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Amma ya iso wurina, kuma daga nan Makka ba nisa. Na yi niyyar umara a goman ƙarshe in Allah ya yarda, zan tsaya inda ta ce, in faɗa yadda ta ce a faɗa.

Sulemana ya bar min kwamfutar da kaset ɗinsa mai cikakken wasa, ya ce in ya karɓi ko sisi Allah ya tambaye shi. Na sa su cikin kwantenar da za ta tashi bayan sallah. Ya yi ta lallashina mu loda mataki na huɗu mu ga ƙaton nan mai sigari da aka zana a bangon kwalin kaset ɗin, na ƙi. Ni ɗan tuƙi ne, an ma faɗa a kaset ba abin da na iya. Sai na zo gida, ki zauna a dogon maɓalli.

Muryar tana cikin saƙon da zan turo tare da hoton takardar nan. Kada ki buɗe a tsakar gida cikin hayaniyar yara. Ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa, ki kai wayar kunnenki, domin a hankali ta faɗa. Sau biyu ta faɗa, Yaya.

Allah ya jiƙanta, ya haɗa mu da ita a Aljanna. Ki gaida kowa.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Halliru